Notin da Ya Riƙe Aurena

Ku da kuke ta turo min saƙo wai yaushe za a sa rana, don Allah ku bar ni in sha iska. Yau zan faɗa muku abin da ya riƙe maganar, kuma duk wadda ta yi dariya ban yafe ba. Ba dangi ba ne, ba kuma wata ce ta shiga tsakani ba. Noti ne. Notin mota, guntun ƙarfen da bai cika tafin hannuna ba.

Ga sababbin shigowa, ni ce Auta a gidanmu. Yayyena mata duk suna ɗakunansu, saura ni da Mama da Baba. Baba direba ne tun kafin a haife ni, ya yi shekaru yana jan motar ma'aikata har ya ajiye aiki, kuma har gobe a layinmu Direba ake ce masa. Yana da wata tsohuwar mota ruwan toka da yake ji da ita fiye da mu 'ya'yansa, wannan ko a gabansa zan faɗa. Bakanike bai taɓa sa mata hannu ba. Komai ya lalace, shi zai shimfiɗa kwali a tsakar gida ya shige ƙarƙashinta.

Shi kuma mutumina Tabarau nake ce masa, saboda in ya cire gilashin nan ko ni ba ya ganewa. A asibiti yake aiki, ɓangaren gashi, inda ake koya wa masu shanyewar jiki yadda za su sake motsa hannu da ƙafa. Mama tana ce masa Likita, kullum sai ya ce, "Mama, ni ba likita ba ne," ita kuma ko a jikinta.

To, watannin baya Baba ya dawo gida da yamma, motar tana wani ƙas-ƙas in ya karya sitiyari. Ya ce rami ya faɗa, kan shaf, ƙarfen da yake juya taya, ya lalace. Washegari ya tura ta ƙarƙashin rumfa, gindinta dab da bango, ya ɗaga ta da jak, ya cire tayar gaba ta gefen mai zaman banza, ya jera bulo a ƙasa. A tsakiyar inda taya take zama akwai wani ƙaton noti da ya riƙe shaf ɗin, sai ya fita kafin a yi komai. Wannan notin ya ci tsatsa ya kafe. Tun daga ranar motar take tsaye da ƙafa uku a tsakar gidanmu, Mama tana zagaye ta da bokitin wanki tana mita.

Ni kuma ina da muƙami a gyaran nan. Tunda taya ba ta ƙasa, in aka murɗa sufana sai wurin gaba ɗaya ya juya tare da notin, don haka dole wani ya zauna a ciki ya take birki. Tun ƙafata ba ta kai ba nake wannan aiki, da matashi a bayana. "Auta, taka." "Auta, saki." Kalmomin da Baba ya fi faɗa min a duniya ke nan.

Da Tabarau ya zo ya durƙusa ya ce yana so ya kawo kawunsa a yi magana, Baba ko ɗagowa bai yi ba daga gindin motar. Ya ce, "Sai motar nan ta sauka daga kan jak. Hankalina ba ya rabuwa biyu."

Na ɗauka maganar kwana biyu ce. Ina. Kullum da safe Baba zai tada injin ya saurari kukansa, ya ɗiga wa notin baƙin mai, ya ɗan bubbuga shi da guduma, ya kira ni in taka, ya ja sau ɗaya, ya girgiza kai ya koma kujerarsa ya ɗauki rediyo. An jiƙa shi da kananzir. An kwana da tsumma mai mai a kansa. Na ce a kira mai injin kwance noti na gareji, irin mai ƙarar nan, Baba ya kalle ni kamar na zage shi.

Ga Gwaggo, ƙanwar Baba, ta sa ni a gaba da saƙon murya. In na buɗe waya sai in ga jerinsu, kowanne ya fi na baya tsawo.

"Auta, ni fa ban gane ba. Yaro ya fito, ɗan mutunci, mai aikin yi, kin tsaya kallon ruwa. Ke ce ba ki matsa ba. Yayyenki wa ya yi wannan jan ƙafar? Ki shiga ki yi wa ubanki kuka mana, ai ba dutse ba ne."

Kamar ni na ɗaure notin. Mama kuwa in na kai mata ƙara sai ta ce, "Kin fi ni sanin halin ubanki. In ya kafe, sai dai a jira." Kowa ni yake turawa, babu mai zuwa da kansa.

Ran Juma'a da yamma ina ninke kaya saƙon Tabarau ya shigo.

"Kawu ya iso. Ran Litinin zai koma."

Kawun nan shi ya riƙe shi tun yana ƙarami, nesa yake zaune, kuma ba ya zuwa sai da dalili. Na rubuta, "Sannunsa da hanya."

"Ba sannu nake nema ba. A gida an fara cewa wasa ake yi da ni. Kawu ya ce in bai zauna da Baba a zuwan nan ba, in nemi wata hanya, shi ba zai sake tasowa ba."

"To ni ya zan yi? In cije notin da haƙori?"

"Gobe zan zo da kayan aiki."

Na yi dariya har da riƙe ciki, duk da raina a ɓace yake. Mutumin da ko tayar keke bai taɓa cirewa ba. Na rubuta masa haka, ya ce ai ya kwana biyu yana kallon yadda ake yi a waya.

Duk da haka ran Asabar na yi wanka na, na sa doguwar rigata ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, na yafa siririn mayafi, na fesa turaren da ya kawo min. A zatona zai gwada sau ɗaya ya gaji, a shiga falo a yi maganar mutane. Bayan la'asar sai ga shi, farar riga tas an goge ta har tana ƙyalli, baƙin wando, takalmi sau ciki, a kafaɗarsa kuma wani dogon bututun ƙarfe da ya fi shi tsayi, sai da ya karkata kafin ya shigo ƙofa. A ɗaya hannun leda ce da gwangwanin feshin tsatsa da sabon cizal.

Mama ta leƙo daga kicin. "Likita, yau gini za a yi?"

"Mama, ni ba likita ba ne. Ina wuni?"

Ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya dubi bututun, ya dubi farar rigar, ya ce, "Da wannan kayan za ka yi aiki?"

"Ba komai, Baba, ai wankewa ake yi."

"Auta, shiga ki taka."

Haka na tattare rigata mai duwatsu na shiga motar da ta wuni tana shan zafi. Kujerar direba ta lotsa daidai jikin Baba, ciki sai warin tsohon mai da ƙura. Kafin a fara komai hodar fuskata ta jiƙe.

Tabarau ya tsuguna ya leƙa. Ya ce, "Baba, na ga an daki bakin notin ya shige cikin tsagar shaf. Sai an ɗago wurin tukuna, in ba haka ba ba zai juya ba."

"Ni na dake shi da hannuna. Kai za ka koya min?"

"A'a, Baba. Tambaya nake ko an ɗago."

Sai Baba ya ce, "Ba ni cizal ɗin."

Na ji ƙarar guduma, ƙwal, ƙwal, sai kuma ta faɗi ƙasa. Baba ya ce ƙotar ce ta yi santsi da mai. Ya sake ɗauka, ta sake faɗuwa. Daga nan na ji bugun ya canja, na san Tabarau ne ya karɓa. Ya fesa maganin tsatsa, warin ya cika motar har na yi tari, babu wanda ya ce min sannu.

"Baba, wata shawara. In aka mayar da tayar aka sauke motar ƙasa, nauyinta zai riƙe, ba sai an wahalar da Auta ba."

A raina na ce Allah ya yi maka albarka. Baba ya ce, "Motar nan ba za ta taɓa ƙasa ba sai an gama."

"Na ɗan lokaci ne kawai."

"Na ce ba za ta sauka ba."

To. Aka zura bututun a ƙotar sufana. "Taka." Na taka. Tabarau ya ja, motar ta yi nishi, ba abin da ya motsa. "Saki. Taka." Ya danna da ƙirji. Ya rataya a jikin bututun ƙafafunsa suna lilo. Gilashinsa ya faɗi, ya lalubo ya mayar. Cinyata ta fara rawa, takalmina mai tsini yana zamewa, na cire shi na taka da tafin ƙafa. Waya tana ta zuu a cinyata, Gwaggo ce: "An ce yaron ya zo. Kin yi kukan?"

Wallahi a lokacin da kuka zai kwance noti da na cika bokiti.

Can wani ja da ya yi sai na ji ƙas, ɗan ƙarami, har a tafin ƙafata na ji shi. Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Tsaya. A huta."

A huta? Yanzu da abu ya fara motsi? Takaici ya ishe ni, na zame a kujera na kwantar da kai, na rantse ko kirana aka yi ba zan amsa ba. Mama ta kawo musu ruwa ta koma. Suna zaune a ɗaya gefen, a ƙasa, ba sa ganina, amma gilas a sauke yake.

"Auta," Baba ya kira. Na yi banza da shi. "Auta." Na ƙara lafewa. Sai ya ce, "Ta toshe kunne da abin kiɗan nan nata. Haka take."

Na so in ce ina ji. Allah ya sa ban ce ba, ko kuma da na ce ɗin ya fi, har yanzu ban sani ba.

Tabarau ya yi ƙasa da murya. "Baba, ku yi haƙuri da tambayar da zan yi. Tun yaushe hannun nan yake yi muku haka?"

"Wane hannu?"

"Na dama. Guduma ba santsi ta yi ba. Kofin ma da hagu kuka karɓa. Kuma da kuka tashi ɗazu na ga ƙafar tana ja."

"Gyaran mota ka zo ko duba marar lafiya?"

"Aikina ne, Baba. Ko ban so ba idona yana gani."

Ina jin Mama tana kankare tukunya a kicin. Sannan Baba ya yi magana da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Ba rami na faɗa ba. Ina zuwa mararraba wata mata ta shigo titi da goyo. Na ce wa ƙafar ta tashi daga totur ta koma birki, ta ƙi. Ina kallonta, ƙafata ce, ta ƙi. Da hannun hagu na fizge sitiyari na daki bakin kwalbati. Matar ko sani ba ta yi ba, ta wuce abinta."

Na sa mayafi na toshe bakina.

"Su Mama sun sani?"

"Babu wanda ya sani. Kai ma ba ka sani ba, ka ji ko?"

"Baba, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Ana samun sauƙi sosai in an fara da wuri. Ni da kaina zan riƙa zuwa."

"In samu sauƙin riƙe cokali. Na sani." Ya ɗan yi dariya, marar daɗi. "Yaro, muddin motar nan tana kan jak, ni direba ne da motarsa take gyara. Ranar da ta sauka, uwarsu za ta ce kai ni kasuwa. Maƙwabta za su ce Direba, matata tana naƙuda. Me zan ce? Yayyen yarinyar nan duk ni na tuƙa su a motar nan ranar aurensu, ban bar wa kowa ba. Ita ma tun tana ƙarama take cewa gaba za ta zauna."

Na faɗa. Wallahi na faɗa, ni har na manta.

Tabarau ya ce, "Baba, Kawu jibi zai koma. In ya tafi, maganar ta tafi."

"Na sani. Ba zan zalunce ka ba. Magana na riga na yi, kuma ban taɓa janye magana ba. In notin nan ya fita yau, kawunka ya zo gobe. Ɗazu ma ya motsa, na ji. Tashi ka hau bututun da ƙafa, nauyinka ya isa."

Kun ji fa. Watanni ina zagin ƙarfe, ina gaba da ubana a cikin gida ɗaya, ina kai masa shayi ina dangwararwa. Ina gani yana karɓa da hagu, a raina ina cewa tsufa ya sa ya fara sababbin halaye. Baƙo ya zo, wuni ɗaya bai cika ba ya gani. Haushin kaina ya kama ni, haushin Baba ya kama ni, shi ma Tabarau da idonsa mai gane-gane haushinsa nake ji.

Baba ya zagayo ya ƙwanƙwasa ƙofar. Na yi sauri na miƙe zaune kamar mai farkawa, na kau da fuska.

"Cire abin kunnen nan. Taka da ƙarfi, kada ki saki sai na ce."

"To, Baba."

Na taka. Ta gilashin gaba ina ganin Tabarau ya cire takalmi, ya dafa jikin motar, ya ɗora ƙafa ɗaya a ƙarshen bututun, sannan ɗayar. Farar rigar nan ta zama abin tausayi. Ya fara danna nauyinsa a hankali. Motar ta karkata, ƙarfen ya fara wani siririn kuka, ina jin sa yana hawowa ta birkin zuwa gwiwata. Zai fita. Ko ni da ban san komai ba na san zai fita.

Baba ya koma gaban motar ya tsaya. Ba notin yake kallo ba, kujerar da nake kai yake kallo. Ya riƙe hannun damansa da na hagu ya matse shi a ciki, yadda ake riƙe yaro kada ya ruga titi. Mama ta fito bakin kicin tana goge hannu, fuskarta cike da murna, tana cewa, "Yauwa Likita, a sauke min ita in huta. Gobe ma ina da unguwa."

Na ga Baba ya sunkuyar da kai.

Ina son Tabarau. Ku shaida ne, kun karanta duk haukan da na yi a kansa. Amma ban iya zama wadda za ta sauke ubana ƙasa a gaban matarsa da surukinsa ba, ba yau ba, ba da ƙafata ba. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina ban yi ba. Ƙafar ce kawai ta ɗago.

Wurin ya juya gaba ɗaya. Bututun ya daki siminti da ƙara, Tabarau ya tafi ta baya ya zauna daɓas a cikin tiren baƙin man da Baba ya ajiye a gefe. Gilashinsa ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin mota. Mama ta yi salati ta rugo.

Na mayar da ƙafar da sauri na danne, kamar a nan take tun ɗazu.

"Auta, sakin kika yi?" in ji Mama.

"Ina take da shi. Ga ƙafata nan."

Baba ya dube ni ta gilas, ya daɗe. Sannan ya ce, "Birkin ne. Motar da ta daɗe a tsaye haka take yi, sai an duba shi tukuna. A bar aikin nan haka, yaron nan ya ji ciwo." Muryarsa ta dawo irin ta kullum, har da faɗa a ciki. Ban san ko ya yarda da abin da ya faɗa ba.

Tabarau ya ce bai ji ciwo ba, a sake gwadawa. Baba ya ce ba a wasa da birki. Na sunkuya na zaro masa gilashin, ɗaya idon ya tsage. Ya karɓa bai kalle ni ba. Mama ta kawo ruwa da sabulu da tsohuwar rigar Baba, tana ta ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Ya gaida su, ya bar bututun jingine da bango, ya fita yana ɗingishi, mai yana ɗiga daga wandonsa. Na bi shi zuwa ƙofa, ya ce, "Koma ciki, rigarki za ta ɓaci."

Na shige ɗaki na zauna a bakin gado da rigar da mai ya riga ya ɓata. Ta taga ina jin Baba yana tattara sufanu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana ɗan waƙarsa ta gyaran mota da ya daɗe bai yi ba. Gwaggo ta turo wani saƙon, ban buɗe ba.

Ko fitar layinmu bai yi ba saƙonsa ya shigo.

"Da nake kan bututun ina kallon bangon bayan motar. Jan wutar birki tana haske a jiki. Na ga lokacin da ta ɗauke."

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Wani ya shigo.

"Na san kin ji maganarmu. Ban ce kin yi laifi ba. Amma Kawu yana zaune a falon gidanmu da kayan da zai sa gobe, ya ce in kira shi da na fito. Baba ya hana ni faɗin gaskiya, ni kuma ba zan yi wa Kawu ƙarya ba. Ke kika ɗaga ƙafa, ke za ki faɗa min abin da zan ce masa."

A ƙasan saƙon alama ta nuna yana kan layi, yana jira. Daga tsakar gida kuma Baba ya kira ni in zo in riƙe masa leda ya rufe notin, kada raɓa ta taɓa shi.